Dangwalen Baba Cindo

Surukina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Baba nake ce masa. Amma yau alƙalami zai aje kunya ya faɗa: sunansa Cindo, mai tufkar igiya a Tsamiyar Kyauta, wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, wanda in ba motarka ce ta lalace a kusa ba, babu abin da zai sa ka san da zamansa.

Kowa ya san abin da ke sa a ce wa mutum Cindo. Sai dai shi yatsansa na shida ba gefen ƙaramin yatsa ya fito ba kamar na sauran mutane. Babban yatsansa na dama ne ya rabu biyu daga gaɓa, kamar gwafa, kowane kai da farcensa. An ce ranar suna wanzami ya zo da shirinsa, ya taɓa ya ji ƙashi, ya mayar da aska cikin zabira, ya ce shi ba mahauci ba ne. Haka aka bar masa abinsa.

Da tufka ya tashi. Da can rama da kaba, daga baya da buhunan leda suka yawaita ya koma warware su yana murza zarensu. Igiyar guga, ragama, dabaibayi, da dangwali, wato doguwar igiyar nan mai maɗaurai da Fulani ke jera maruƙa a jikinta. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, ya baza kayansa kusa da kara, wajen cinikin shanu, mutanen Damagaram suna ja suna gwadawa, shi kuwa yana cewa su ja da kyau, in ta tsinke ya ba su biyu. Sauran kwanaki yana gonarsa a Kwarin Gawo, arewa da gari, inda kusan kowane gida yake da abin da yake ci. Da rani Hamma Bafulatani yakan sauke shanunsa a gonar, don haka Baba bai taɓa zuba takin zamani ba. Gishirin Bature yake kiransa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amininsa ɗaya ne a duniya, Malam Ɗantsoho, na'ibin limamin gari. Bukka ɗaya aka yi musu kaciya. Kullum bayan la'asar Ɗantsoho zai zo ƙofar gidan Baba ya zauna, ya riƙe masa bakin igiya, a fasa goro ɗaya gida biyu.

"Mai Shida, an ba ka yatsa na ƙari, amma har yau ba ka tufka arziki ba," in ji Ɗantsoho.

"Kai kuma an haife ka tsoho, ga shi har yanzu ana jiran hankalin ya iso," in ji Baba.

Shekara sittin suna wannan, ba wanda ya gaji.

Ni Aminullahi, malamin firamare, na auri 'yarsa Tayyiba. Tun daga ranar ɗaurin aure bai ƙara kiran sunana ba, Malam yake ce mini, kuma in muna magana ƙasa yake kallo, ni ma ƙasa nake kallo.

Shekara huɗu da suka wuce wasu mutane suka zo da na'urori masu ƙafa uku, suka zagaye Kwarin Gawo suna kafa turaku masu jan fenti. Labari ya iso cewa an ba wani kamfani wurin, zai noma riɗi. A cikin turakun har da maƙabartar gari da burtalin shanu. Duk garin babu wanda ya yarda, ko mutum ɗaya. Inda aka rabu shi ne yadda za a ƙi.

Dattawa suka taru bayan Ɗantsoho. Su hanyarsu gaisuwa ce. A nemi rago, a sa manyan riguna, a je wurin dagaci, daga can a wuce wurin hakimi, a zauna a tabarma tun hantsi. In an shiga, a tambayi gajiya da iyali da damina, a yi addu'a, sai an miƙe za a tafi sannan wani ya ce, "Af, Allah ya ba ka nasara, akwai wata 'yar magana." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji su.

Mu kuwa matasa, da ni da wasu masu takardar makaranta a aljihu, muka kafa ƙungiya mai dogon suna. Muna da shugaba, da ma'aji wanda ba shi da abin ajiya, da sakatare, wato ni. Muka buɗe zaure a waya, muka ɗauki hotunan turakun muka watsa, muka shiga rediyo, har muka yi tattaki a Gumel ɗauke da kwalaye. Muna ce wa dattawan 'yan mazan jiya, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Su kuma suna ce mana 'yan ta-kife. Uba da ɗa suna cin tuwo a kwano ɗaya, kowa na ganin ɗan'uwansa shi ne zai kashe garin.

An sha tambayata wace hanya ce ta fi aiki, kuma da can amsar tana bakina tun kafin a rufe tambaya. Yanzu ga iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai. Hayaniyarmu ta sa aka turo kwamiti, suka sha fura suka koma, aka ɗage aikin damina ɗaya. Damina ɗaya ba wasa ba ce, mutane sun ci geronta. Su kuma dattawa, bayan wata uku na zaman tabarma, suka dawo da alkawarin an cire maƙabarta da burtali daga cikin turaku, kuma an cire ɗin. Sai kuma mota guda ta takin zamani da aka aiko da ita don a sanyaya zukata. Muka yi ta dariya, muna cewa an ba su wurin kwanciya an ƙwace wurin ci. Amma ranar rabon taki, wata Alhamis, iyayenmu duk suna layi a ƙofar Ɗantsoho, kowa ya dangwala yatsa ya ɗauki rabonsa. Da yake ni ne mai rubutun gari, ni aka sa na jera sunayen, ina yi ina tsaki.

Sai muka ce za mu yi abin da zai girgiza Dutse: takardar ƙorafi mai ɗauke da yatsan kowane magidanci. Na zauna na tsara shafin farko da Turancin da ni kaina sai da na buɗe ƙamus. Sauran shafukan kuwa layi kawai na ja, suna a hagu, wurin dangwale a dama, a irin takardar da na yi jerin taki da ita. Ban rubuta komai a samansu ba. Ko kalma ɗaya mai nuna abin da mutane ke sa hannu a kai babu. A lokacin ban ga wani abu a ciki ba, ai ga shafin farko nan an manne su tare.

Da gidan surukina na fara, don in an ga har aminin Ɗantsoho ya sa hannu, saura za su biyo. Na durƙusa na yi bayani, ya saurara yana murza zare a cinyarsa.

"Malam, ni dangwali na sani, ban san dangwale ba," ya ce.

Gaskiyarsa. Ko ranar zaɓe da manuniya yake yi, don malaman zaɓe ba sa sanin yadda za su yi da babban yatsansa. Ya ɗan dubi wajen gidan Ɗantsoho.

"Tsohon can ba zai ji daɗi ba. Amma ba a mayar da hannun suruki. Kawo."

Ya danna yatsan a tawada, ya danna a takarda, kawunan biyu duk suka fito, kamar sawun akuya a danshi. Shi da kansa ya yi dariya. Da na zo rubuta suna sai kunya ta kama ni, na kasa rubuta Cindo, na sa sunansa na yanka, Abdulbaqi, wanda in ban da shi da liman ba na jin akwai mai tuna shi a garin.

Da takardun suka cika, sai ga wani mutum da muke kira Honarabul, ko da yake bai taɓa cin zaɓen ko kansila ba. Yana da farar mota da daɗin baki, kuma shi kaɗai ne babba da ya taɓa yaba mini Turancina. Ya ce shi zai kai su hannu da hannu inda ya kamata. Na so in yi musu hoto a Gumel, na tarar babu wuta, ban jira ba. Na miƙa masa su duka, ni kaɗai, ba shaida. 'Yan ƙungiya kuwa na ce musu na aika ta amintaccen hannu, suka tafa mini.

Bayan kaka katafila ta iso. A ranar aka manna takardu a bangon zauren dagaci. Shafin farko, da Turanci, yana cewa manoman Kwarin Gawo sun amince sun bar gonakinsu da yardar ransu. Bayansa kuma hoton shafuka ne na sunaye da dangwale. Gari ya taru ana salati, kowa na tambaya yaushe muka yi wannan. Can sai wani ya ce, "Takin nan!" Shi ke nan. Kafin azahar magana ta zauna: Ɗantsoho ya yaudari mutane da taki ya sayar da yatsunsu. Rubutuna ne a jiki, amma ba wanda ya dube ni, tunda kowa ya ga ni na rubuta jerin takin.

Ina tsaye a cikin taron, sai na ga Baba ya matsa gaban bango. Bai iya boko ba, ko harafi ɗaya. Amma layin farko na shafin farko ba ya bukatar karatu, sawun akuya ne. Ya daɗe yana kallonsa. Shi bai karɓi taki ba, ranar ma yana Maigatari, kuma sau ɗaya tak ya taɓa danna wannan yatsa a takarda. Ya juyo, kuma a karon farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni cikin ido. Sannan ya sunkuyar da kai ya tafi gida.

Na yi shiru. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, tsoro ne. Na ce gobe zan faɗa, goben ta zama jibi.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kamfani yana bayan shingen waya da masu gadi, Honarabul ya daina ɗaukar waya, Ɗantsoho kuwa ga shi nan a tsakiyar gari. In liman ya yi tafiya shi ya shiga gaba zai ja salla, sai ka ga sahu ya zube, mutane sun koma yi a gida. Yara suka haɗa masa waƙa. Wani ya rataye tsohon buhun taki a ƙofar zaurensa. Ɗantsoho ya aurar da autarsa, waɗanda suka je ɗaurin auren ba su cika tabarma biyu ba. Idonsa dama ya fara yin yana, ba ya ganin abin da ke bangon dagaci, sai rantsuwa kawai yake yi, ba mai saurare. Mu 'yan ƙungiya muka ƙara wa wutar itace, muna rubutawa a waya cewa ga ƙarshen siyasar durƙuso. Ban rubuta ba, amma ban hana ba.

Wuri ɗaya ya rage masa, ƙofar gidan Baba bayan la'asar. Tayyiba ta ce mini babanta ya rame, kuma igiya ɗaya yake ta fama da ita, ya tufka ya warware.

Wata huɗu aka yi a haka. Wata Juma'a, liman na sallamewa, sai Baba ya miƙe a sahu na uku, mutumin da bai taɓa magana a taro ba. Ya ɗaga hannun dama sama.

"Jama'a, ku dubi yatsan nan, kun san shi. Ku je bangon dagaci, shi ne na farko. Ni ban karɓi taki ba, kowa ya sani. Takardar can ba ta taki ba ce, ta ƙorafin yaran nan ce. Malam surukina ya ba ni ita ranar Alhamis in ba direban Dutse a Maigatari. Ban ba direba ba. Wani na ba, kuma na san ko wane ne. Ɗantsoho ba shi da hannu. Ni ne."

Masallaci ya rikice. Wasu suka ruga bangon dagaci suka dawo suna cewa wallahi yana nan. Aka yi ta tambayarsa me aka ba shi, shi kuwa ya koma ya zauna. Ni ina sahu na biyu, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, amma ba abin da ya fito.

Ɗantsoho ya dogara sandarsa ya zo har gabansa.

"Wata huɗu ina zuwa ƙofarka ina kuka, kana fasa mini goro. Wata huɗu, Cindo."

Bai ce Mai Shida ba. Daga ranar bai ƙara taka ƙofar gidan ba, in sun haɗu a hanya sai ya kau da kai.

Da la'asar na je. Na same shi shi kaɗai, ya ɗaura bakin igiya a turke tunda babu mai riƙewa. Na durƙusa.

"Baba, ni ne fa. Ni na..."

"Malam, riƙe mini nan."

Na riƙe. Ya yi ta murzawa, idonsa a kan zare.

"Ɗantsoho ba zai mutu da abin da bai yi ba," ya ce. "Kai kuma 'ya'yan mutane kake koyarwa. In aka ce maka maci amana, wa zai turo maka ɗansa? Yarinyar nan da jikokina ina za su sa kansu? Ni sunana ya gama yi mini aiki." Ya ɗaga yatsan ya dube shi. "Wanzami ya ƙi yanke shi. Ashe yana da ranarsa. Hannu mai shida in an cire ɗaya ba a yi asara ba. Kada ka tayar da maganar nan ina raye, ban yafe ba in ka tayar."

Na kama wannan kalma tasa na ɓuya a bayanta. Na ce wa kaina biyayya nake yi.

Shekara biyu Baba ya yi a cikin abin. Waƙar da aka yi wa Ɗantsoho aka canja mata suna. Mutanen garinmu in sun je Maigatari sai su wuce shi su sayi igiya a gaba. Hamma kaɗai ya ci gaba da zuwa, ya sayi dangwalin da ba ya bukata, ya ce shi shanu yake kiwo, kuma ya san fuskar ɓarawo. Gonar ta tafi tare da ta kowa. Ƙungiyarmu ta watse, dattawa ma suka daina sa manyan riguna, ba abin da ya rage da za a yi tattaki ko gaisuwa a kansa. Tayyiba tana kai masa abinci kullum, ta dawo idonta ja, ta ce ita har abada ba za ta yarda babanta ya aikata ba. Ni kuma in ce mata ta yi haƙuri.

Ya rasu farkon daminar bara, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ni na wanke hannun. Sahu biyu aka yi a jana'izarsa, na biyun bai cika ba, kuma Ɗantsoho ya aiko cewa ƙafa ta hana shi fitowa. Aka rufe shi a gefen maƙabarta na arewa, dab da wayar kamfani. Daga kabarinsa ana hango gawon da ke tsakiyar gonarsa, shi kaɗai katafila ta bari.

Tayyiba na fara faɗa wa, bayan sadakar bakwai. Ba ta yi ihu ba. Har yau tana ɗora mini tuwo tana wanke mini kaya, amma sunan da take kirana da shi in muna mu biyu, ban ƙara jinsa ba.

Washegari na tafi wurin Ɗantsoho. Idon ya rufe gaba ɗaya yanzu, da murya ya gane ni. Na faɗa masa komai, tun daga shafukan da ba su da kai har zuwa farar mota. Bai katse ni ba.

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka manna takardar, Baba Malam."

"To," ya ce.

Na jira zagi, na jira tsinuwa, da ya yi da na ji sanyi. Sai ya laluba aljihu ya ciro goro ɗaya, ya juya shi a hannu.

"Juma'a za ka miƙe a inda ya miƙe, ka faɗi abin da ka faɗa mini."

Na miƙe kuwa, kuma abin da ya biyo baya nawa ne, ba na wannan labari ba. Amma a ranar da na je masa ɗin bai tsaya nan ba, ya miƙo mini hannu ya ce in kai shi.

Muka bi ta burtali, ina jan sandarsa yana bina, har cikin maƙabartar da ya yi wata uku a kan tabarma kafin a bar mana ita. Na tsayar da shi a gefen kabarin. Ya tsuguna da ƙyar, ya laluba har ya dafa ƙasar, an yi ruwa da safe tana da danshi. Ya fasa goron gida biyu, ya riƙe ɓari a kowane hannu, ya rasa wanda zai miƙa wa.

"Assalamu alaikum, Mai Shida," ya ce. "Ni ne. Gaisuwar shekara biyu na kawo maka."

Ya karkata kunne, kamar yadda yake yi a ƙofar gida in ya jefa tasa yana jiran a rama.